Minti Huɗu a Ɗakin Hoto

Ƙarfe biyun dare suka shigo da Sahabi,
warin albasa bai bar rigarsa ba.
Babur ya watsar da shi a hanyar Kalgo.
Ba jini a waje, ba karaya,
sai ƙwayar idon hagu da ta fi ta dama faɗi,
kuma yana kiran ƙanensa da sunan wansu da ya rasu.

Na kwantar da shi, bakin na'ura ya haɗiye kansa.
Haske ya shiga zagaya shi,
ta goshi, ta kunne, ta ƙeya,
kowane zagaye ya dawo da 'yar inuwa.
Inuwa kuwa ba hoto ba ce.
Sai an tara dubunta, an tankaɗe, an lissafa,
kafin ƙwaƙwalwa ta fito faifai-faifai
kamar albasar da aka yanka a kwance.

Bara, a daidai nan nake tsufa.
Koren layi na rarrafe a kan allo,
janareta na tari a bayan taga,
ina ƙiyasta dizal ɗin da ya saura,
likita na tsaye, safar hannu na jiƙewa da gumi.
Akwai wata baiwar Allah daga Gwandu.
Hotonta ya fito tas, ba abin da ya ɓoye,
ya iske an riga an ja mata zane.

Luba ce ta kasa barin zancen.
Ɗalibar lissafi, 'yar siririya, ba ta son shayi.
Damina guda ta yi a bencin nan,
kwamfuta a cinya, takalmi a gefe.
Ta ce tsohon lissafi mai ƙirga gero ne tsaba-tsaba,
in ya kai ƙarshe ya koma farko.
Nata da tiya yake awo,
inda awo ya saɓa, can kaɗai yake komawa.

Na ce, Luba, sauri ya haifi nawa.
In ya cike gurbi da ƙarya fa?
In ya share ƙari don hoto ya yi sumul?
Kakana mai ɗori ne a Aliero,
yatsunsa ke gani, amma bai taɓa ɗaure ƙashin da bai taɓa ba.

Ba ta yi fushi ba.
Muka jera tsofaffin hotuna ɗari uku, nata da na da.
A na sittin da ɗaya, nata ya haɗiye wani ɗigo
da bai fi ƙwayar riɗi ba.
Ta rufe kwamfuta, ta tafi ko sallama babu.
Mako uku ban ji ɗuriyarta ba.
Ran da ta dawo, riɗin na nan inda Allah ya ajiye shi.

Yau ga Sahabi.
Na danna, na kalli agogon bango.
Ban gama gyara zama ba.
Minti huɗu.
Ga shi can ta hagu, fari fat,
jinjirin wata a inda babu sama,
yana tura ƙwaƙwalwa gefe.
Likita bai ce uffan ba, ƙafafun gado suka amsa,
ƙiiƙii, har ƙarshen baranda.

Ƙanen ya riƙe mini hannun riga:
"Malam, mi kag gani?"
Na ce abin da za a iya cirewa, in Allah ya so.

Na tura wa Luba kalma ɗaya: huɗu.
Ba ta amsa ba, tana barci, haƙƙinta ne.

Sannan na kunna tsohon lissafin,
don jikan mai ɗori ba ya barin hali.
Ya yi ta rarrafensa, ina gadinsa.
Sa'ad da ya iso,
fitilar ɗakin tiyata ta daɗe da kamawa,
wani zakara a Badariya ya yi kuskuren lokaci,
watan nan dai shi ne, ba ragi, ba ƙari.